Irin Shukar da Na Kawo Daga Bariki

Bazarar bana ta matsa. Tun hantsi ƙasa take ɗaukar zafi, inuwar bedin da ke ƙofar gidana ba ta hana gumi. Da la'asar hadari yakan taso daga gabas ya tsaya a kan duwatsun Filingue, ya yi baƙi kamar da gaske, sannan ya watse bai zubar da ko ɗigo ba. A irin wannan yammaci jikana Isuhu ya zo ya tsuguna a gabana. Ya gama lakwal, makarantar boko, da daɗewa, ya nemi aiki har takalminsa ya cinye, ya dawo ya zauna. Zaman da ya yi a bakin tasha yana shan shayi yana kallon motocin Yamai ya isa a haifi yaro, a yaye shi, a yi masa ƙane.

"Tsoho, gwamnati ta buɗe wani abu," in ji shi. "Za a ɗauki samarin da sunka daɗe ba aiki, a raba su wurare su koyi sana'a. Akwai abinci, akwai ɗan na sabulu. Ni an ce Yamai za a kai ni, wurin masu gyaran famfo."

"In sun gama koya maka, mi za su amsa?"

"Ba su amsar komai. Kyauta ne."

"Haka anka ce muna."

Ya yi dariya. "Kai dai ko ruwa anka ba ka sai ka leƙa gindin ƙwarya."

Ban musa ba. Zargi yana cikin laifuffukana, na sha roƙon Allah ya rage mini shi, har yau bai tafi ba. Amma uban Isuhu ya rasu, maganata yake jira, kuma ranar kasuwa ake son amsa. Na ce ya ba ni lokaci. Ya tashi yana cewa in na daɗe ina tunani zai auri kakarsa ya bar ni da tabarma. Da ya tafi na zauna ina kallon hadarin nan da ba ya zubarwa, sai wata bazara ta dawo mini, wadda ta fi wannan nisa da zafi.

Sunana Gado. An haife ni a wani ƙauye kusa da Tabla, cikin gidan Arna. Lokacin ba mu san salla ba. Ubana yana da dutse a gindin gawon gonarmu inda yake yanka wa kakanni, kuma bai taɓa zuba ƙwayar hatsi a ƙasa ba sai jinin jan zakara ya taɓa dutsen nan. Nasara bai daɗe da zama a Filingue ba. Manyanmu sun ga zuwansa da idonsu, mu kuma mun tashi mun tarar da lanho, wato harajin kai, da aikin dole kamar yadda muka tarar da rana.

Daminar da ta gabaci bazarar da nake faɗi, fara ta sauka a ƙasar Kurfey hatsi yana cikin fidda kai. Da rana ta zo, ta rufe sama. Muka buga ƙwarya da gwangwani, muka hura hayaƙi, mata suna kaɗa zannuwa. Kafin ta tashi gonaki sun koma kara tsaye. Abin da muka tsinta bai kai mu tsakiyar rani ba.

Daga nan gidanmu ya koma kan anza. Inna takan fita da sassafe da ƙwarya ta tsinko 'ya'yanta, ta ɓare, ta dafa, ta jiƙa, ta yi ta zubar da ruwan ɗaci tana sake wani, kwana da kwanaki, kafin a iya haɗiye ta. Ko an gama, ɗacin yana nan a maƙogwaro har washegari. Ƙannena mata biyu suna sharo karangiya, su dawo ƙafafunsu duk ƙaya, a daka a sheƙe a sami abin da bai cika tafin hannu ba. Wasu suna tona gidan tururuwa su kwashe abin da ta tara. Awakinmu sun tafi ɗaya bayan ɗaya. A tsakiyar wannan duka, a can ƙololuwar ɗakin Baba, akwai gyandama rataye, an toshe bakinta da laka. Irin gidanmu ne, wanda ya zaɓa zangarniya zangarniya daga abin da fara ta rage. Kowa ya san tana nan. Ba wanda yake ɗaga kai ya dube ta in Baba yana ɗakin.

Ni kuwa, Allah ya yafe mini, ban tsinana komai ba. Samarin da suka fi ni zuciya sun gangara kudu cin rani. Ni na ce ƙafata tana ciwo. Nakan wuni a gindin aduwar bakin gari ina dara da Namata, ɗan ƙanwar ubana, taubashina, muna zagin juna don mu manta da ciki.

A nan tafinta ya same mu. Mutumin Filingue ne, Musulmi, mai farar riga, yana kan doki, gardi mai jar hula yana bin sa da bulala a rataye. Mai gari ya tara mutane. Tafinta ya ce kumandan, Nasaran da ke mulki a Filingue, ya zaga ƙasa ya ga samari zube a gindin itatuwa ba aikin fari ba na baƙi, abin ya dame shi. Don haka ya buɗe wurin koyon aiki a bariki. Ya nanata cewa wannan ba aikin dole ba ne. Za a ciyar da mu, a koya mana sana'a, a sallame mu kafin ruwan shuka.

Wani tsoho ya ce, "In ba dole ba ne, wanga mai bulala rakiya yaz zo?"

Tafinta ya ce hanya ce ba ta da kyau.

Ba a sha wahalar zaɓe ba. Duk garin ya san su wane ne ba su da aiki. Mai gari ya nuna ni da haɓa, ya nuna Namata. Inna ta ɗaura mini wani ƙulli a damtse, don ta riga ta sa a ranta soja za a kai ni. Baba ya raka ni har bakin shinge.

"Abin da anka ba ka, ka duba hannun da ya miƙo shi," ya ce. "Kuma in hadari ya yi ƙasa, ko an sallame ka ko ba a sallame ka ba, in gan ka bayana a gona."

A bariki mun tarar da samari daga ƙauyukan Kurfey da na Imanan, kowa ƙashin wuyansa a waje. Ranar farko aka kawo tuwon hatsi a manyan akusa, da miyar kuka mai gishiri. Muka kewaye shi muna kallo. Wani ya ce an zuba magani a ciki don mu manta da gida. Wani ya ce kiwata mu ake yi kafin a tura mu gabar teku. Namata ya gyara zama ya nutsa hannu.

"In na manta da gida ku gaya ma Inna ta huta da ni," ya ce da baki cike. "Kai bawana, matso ka ci. Kai ko an ba ka maganin mantuwa ba abin da ke cikin kanka da zai ɓace."

Na ci. Na ci har na ji kunya, don na san abin da ake ci a gidanmu a wannan lokacin.

Wanda aka ba mu ya koya mana aiki wani magini ne Babambare, ba ya jin Hausa, mu ba mu jin nasa, sai nuni da tsaki. Ya koya mana kwaɓa ƙasa da ciyawa, a zuba a akwatin katako marar gindi, a shafe, a ɗaga, tubali ya fito mai kusurwa huɗu. Ya koya mana ja da zare don layi ya miƙe, da sakin dalma a bakin igiya don bango kada ya karkata. Mu da muka tashi a ɗakunan kara da zana, ban ga ranar da wannan zai yi mini amfani ba. Muna ɗebo ruwa daga rijiyoyin kwari, rana tana dukan ƙeya, tubalin safe kafin azahar ya bushe har ya tsage. Namata bai taɓa yin guda mai kyau ba, nasa kullum kamar an taka. Ni kuwa hannuna ya karɓa. Maginin yakan ɗauki nawa ya juya shi, ya gyaɗa kai, ya nuna wa tafinta. Na ji daɗin wannan fiye da yadda ya kamata, ban kuma tambayi kaina dalilin da ya sa ake nuna wa tafinta ba.

Da bazara ta yi nisa, aiki ya gagara. Kowa idonsa yana gabas. Iska ta juya, tana kawo ɗanshi da warin ƙasa daga wani wuri da aka yi ruwa. Shamuwa ta iso. Muka fara shawarar gudu, don babu wanda ya yarda za a sallame mu. Muna cikin wannan sai tafinta ya tara mu wata safiya ya ce kumandan ya cika alkawari, kowa ya tafi gida. Kuma tun da an san fara ta cinye ƙasa, ga irin shuka, kowa a cika masa jakar fata.

Na tuna maganar Baba na dubi hannun da ya miƙo. Hannun gardi ne.

"Rance ne?" na tambayi tafinta.

"Kyauta ce."

"Ta wa?"

"Kai yaro, ɗauki ka tahi."

Ya kamata in bayyana abin da ya sa na yi wannan tambaya, don yaran yanzu a kasuwa suke sayen iri. A wurinmu ba a kyautar iri. Ana kyautar tuwo, ana kyautar akuya, amma wanda ya ba ka abin da ka zuba a rami, ya sa hannu a rumbunka ke nan. In kaka ta yi, daminsa ake fara ɗaurewa, kuma shi zai faɗi ko ya isa. Har sai ya karɓa ya ce ya gamsu, gonar ba taka ba ce kai kaɗai. Shi ya sa mutum yakan nemi iri wurin ɗan'uwansa na jini, wanda ya san iyakar haɗamarsa.

Na iso gida da jakar a ka. Ƙannena suka taho da gudu, da suka ji abin da ke ciki suka tsaya cik. Baba ya kwance bakin jakar, ya ɗebo, ya baza a tafinsa. Ƙwayar ta fi tamu ƙanƙanta, ta fi ta haske.

"Wa ya ba ka?"

"Kumandan. An ce kyauta ce."

"Iri?"

"Haka anka ce, Baba."

"Wanda ke amsar lanho kan jaririn da bai yi haƙori ba, shi ya ba ka iri kyauta." Ya mayar da ƙwayar har ta ƙarshe, ya ɗaure. "In wanga ya shiga ƙasata, gonar kakana ta zama gonar kumandan. Ba a shuka shi."

Inna ta ce a hankali, "To, maigida, a daka ma yara."

"Ba a cin shi. Ranar da mai shi ya zo nema, mi za mu ba shi? A aje mashi abinshi."

Aka jingine jakar a ɗakin Inna. Ban san wata azaba da ta kai wannan ba: hatsi yana ɗaki, ana cin anza a tsakar gida. A gidan su Namata kuwa, shinge ɗaya ne tsakaninmu, ubansa ya yanke tasa shawarar. Shi ma ya ce ba zai shuka irin Nasara ba, amma abin da ya shiga ciki babu gardin da zai fiddo shi. Muka ji ƙarar turmi, muka ji ƙamshin tuwo yana tsallako shinge. Ƙaramar ƙanwata ta tafi ta manna fuska a zana. Namata ya leƙo yana suɗe hannu.

"Bawana, naku kuna jira ya haihu ne?"

Na juya masa baya na shige ɗaki.

Inna ma tana da nata zargin, amma na dabam. Ita cewa ta yi wataƙila an soya hatsin don kada ya tsiro, a yi mana dariya. Ta ɗebi 'yan ƙwayoyi ta ƙulle a jiƙaƙƙen tsumma ta tura ƙarƙashin randa. Bayan 'yan kwanaki ta kira ni bayan ɗaki ta buɗe. Duk sun fasa, kowace da farin ɗan saiwa. Ta dube ni, ta mayar da tsumman cikin zanenta.

Ruwan ya zo wata la'asar. Iska ta fara tasowa ta kwashe jinkar rumbun da ba komai a ciki, sannan aka sako shi kamar ana juye tulu. Muka tsaya a ƙofar ɗaki muna shaƙar warin ƙasa. Da gari ya waye Baba ya tona da hannu ya ga laima ta wuce tsawon yatsu. Ya sauko da gyandama, ya fasa lakar. Zakara ɗaya ya rage a gidan, wanda ya hana a taɓa duk tsawon yunwar. Ya kai shi gindin gawo ya yi abin da ya saba yi. Yau na san wannan ba hanya ba ce, amma ina faɗin abin da ya faru ne.

Shuka a wurinmu haka take: mai sungumi yana gaba, yana tafiya yana sara rami kowane taki, masu iri suna biye, su jefa, su rufe da diddige. Mai sungumi ba ya waiwaye, don in ya waiwaya layinsa ya karkace. Baba ya shiga gaba. Ni da Inna da yaran muka bi shi, kowa da 'yar ƙwaryarsa. Ƙasa tana da sanyi a tafin ƙafa, abin da muka manta da shi. Jikinmu ba ƙarfi, ƙanwata tana jefawa tana tangaɗi.

Rana ba ta kai tsaka ba irin gyandama ya ƙare. Abin da muka rufe bai wuce kewayen gawo ba, sauran gonar tana shimfiɗe har bakin kwari. Baba ne ya zaɓi irin nan da hannunsa, ya san inda zai tsaya fiye da kowa. Na buɗe baki in ce masa ya ƙare, sai Inna ta taka mini ƙafa.

Baba bai tsaya ba. Ya kai ƙarshen layi, ya juya kansa wajen kwari, ya kama sabo, yana sara yana tafiya. Inna ta nufi gindin wata sabara a gefen gona ta janyo jakar fata. Ban san lokacin da ta kawo ta ba. Ta cika ƙwaryarta, ta cika tawa, ta cika na yaran. Muka bi shi. Duk inda layi ya ƙare sai ya juya ta gefen da ba zai gan mu ba, idonsa a kan bakin sungumi. Haka muka yi ta yi har rana ta yi sanyi. Da muka kai bakin kwari ya saɓa sungumi ya wuce gida a gabanmu.

Na ɗauka maganar ta binnu tare da irin. Amma hatsin ya tona mana asiri. Namu na gida dogo ne, mai jinkiri. Wannan kuwa gajere ne, mai gaggawa. Muna cikin maimai, na kewayen gawo bai ko yi ciki ba, sai ga na Nasara ya fidda kai, gona guda, a garin da ba wanda hatsinsa ya nuna alama. Duk mai wucewa sai ya rage tafiya. A bakin rijiya aka fara cewa gidanmu ya sayar da gona. Wasu suka ce ba banza ba aka ga kumandan yana son ɗansu. Tsuntsayen ƙasar duka suka taru a kanmu, tun da babu wani abin ci a ko'ina, ƙannena suka wuni suna kaɗa gwangwani har muryarsu ta dishe.

Wannan shi ne lokacin da yunwa ta fi tsanani, lokacin da ƙasa take kore shar amma ciki ba komai, ga noma yana neman ƙarfi. A lokacin muka fara karya tumu. Inna ta gasa a bakin wuta, muka murza a tafi muna hurawa muna ci da zafinsa. Ban taɓa cin abin da ya kai shi daɗi ba, har yau. Baba ya ƙi taɓawa, ya ci gaba da anzarsa, har ranar da ya faɗi a kan hauya. Daga ranar Inna take dama masa kunu ta ajiye ta tafi, shi kuma yana sha bai tambaya ba. Takan miƙa wani ta kan shinge, don gidan su Namata ba su shuka komai ba sai ɗan abin da suka roƙo, shi ma a makare.

Duk daminar nan Baba bai yi barcin rana ba. Yakan zauna inda yake hango hanyar Filingue. In ƙura ta tashi sai ya miƙe. Da kaka ta yi, ya hana a haɗa dammunan. Na gawo aka kai rumbun gida. Na Nasara ya sa muka yi masa wani rumbu dabam a bayan shinge, muna ɗiba daga ciki kaɗan kaɗan kamar masu sata.

Sun zo bayan an gama ɗauri, tafinta da gardi da raƙuma. Aka tara gari. Tafinta ya ce kumandan ya ga abin da yunwa ta yi, don haka kowane gida zai kawo dammuna a ajiye a rumbun gwamnati saboda wata shekara. Kowane gida, wanda ya karɓi iri da wanda bai karɓa ba, wanda ya shuka da wanda ya cinye. Uban Namata ya ce ba shi da ko zangarniya. Aka ce ya nemo. A ƙarshen wannan rani suka tashi gaba ɗaya suka yi kudu, ban sake ganin taubashina ba.

Baba kuwa, na rantse, sauƙi na gani a fuskarsa. Ya kai su rumbun bayan shinge da kansa, ya fiddo abin da suka ce, ya ƙara dami ɗaya a kai.

"Ka shaida," ya ce wa tafinta. "Mai iri ya amshi nashi. Ya isa?"

Tafinta bai gane abin da yake nufi ba, amma ya ce ya isa.

"To, hannunshi ya hita daga gonata."

Aka ɗaure kaya a raƙuma. Tafinta ya sa ƙafa a likkafa, sai ya juyo kamar wanda ya tuna wani ƙaramin abu.

"Ina yaron nan naka mai hannun tubali? Kumandan zai gina ɗakunan gardawa da wurin ajiya. Waɗanda anka koya ma aiki ake nema. Ya shirya ya biyo mu."

"Na biya iri," in ji Baba.

"Wanga ba zancen hatsi ba ne, tsoho. Da ya zo muna, mi ya iya? Wa ya ciyar da shi, wa ya sa mashi aikin a hannu?"

Baba ya daɗe yana kallona. Duk daminar ya tsare hanya saboda rumbu, bai taɓa kawo wannan a ransa ba. Kuma bisa ƙa'idar da shi kansa yake bi, ba shi da abin cewa. Na jira ya yi gardama. Bai yi ba. Abin da ya fi damuna in na tuna shi ne ni ma ban yi ba. Tun tafinta bai rufe baki ba zuciyata ta riga ta kai bariki, wurin akushin tuwo da maginin da yake gyaɗa kai in ya ga aikina.

"Ka dawo ma shuka," ya ce.

Na dawo shekarar farko. Ta biyu gini bai ƙare ba, aka hana ni. Daga nan sai aike. Na zama magini a Filingue, na zauna cikin 'yan kasuwa, a hannunsu na karɓi salla, na yi aure, na gina wannan gidan da nake ciki. Da sana'ar nan na ciyar da 'ya'yana, da ita na riƙe Inna bayan rasuwar Baba, ba zan ce ba ta yi mini rana ba. Gonar gawo kuwa wasu ke nomanta yanzu. Har yau in an tambaye ni ko alheri Nasara ya yi mana ko dabara, ban san amsar ba. Na dai san ba a mayar da ni ba.

Ranar kasuwa da safe Isuhu ya dawo. An ɗan yi yayyafi da asuba, wanda bai isa shuka ba, ƙasa dai ta yi wari. Na ba shi labarin nan duka, ya saurara fiye da yadda na zata, bai yi mini ba'a ba sai sau ɗaya.

"Ka ji abin da nike tsoro," na ce masa. "Su ciyar da kai, su sa maka aiki a hannu, in an gama su ce kai nasu ne. Su riƙe ka can Yamai."

Ya dube ni kamar bai ji daidai ba.

"Tsoho, ai roƙon da muke yi ke nan. Waɗanda sunka tahi bara, da wa'adi ya cika duk an sallamo su. Ga su can tasha, tare muke shan shayi. Kai in kana da wata addu'a, ka yi mini ita su riƙe ni."

Ba ni da gonar da zan ce ya dawo mata, ba ni da gyandama a rataye. Na ce ya je ya ba su amsa, Allah ya sa albarka. Ya tashi ya karkaɗe wandonsa ya kama hanyar tasha da sauri.

Da azahar na yi alwala na yi salla, na ɗaga hannu. Na roƙa masa abin da ya ce, da bakin da ya faɗa. Sai da na shafa na lura ashe bayan sallama na juya tabarmata wajen hanyar Yamai, na zauna inda nake hango ƙurar motoci.